Lacca: Sarrafa Babban Giraf a Kan GPU Mai Ƙarancin Ma'adana

Jama'a barkanmu da haɗuwa. Mu fara daidaita kalmomi. Idan na ce giraf, ina nufin tarin ƙulli da igiyoyin da suka haɗa su: shafin intanet ƙulli ne, mahaɗin da ke kai ka wani shafi kuwa igiya ce.

To ga lissafi, ku rubuta. Giraf ɗin da Web Data Commons suka fitar daga bayanan 2012 yana da shafuka biliyan 3.5 da igiyoyi biliyan 128. Yadda aka saba ajiye shi, a tsarin CSR, jeri biyu ne. Na farko ya jera maƙwabtan kowane ƙulli bi da bi, na biyu yana nuna inda maƙwabtan kowa suka fara. Kowace igiya bayit 4, wato gigabayit 512. Jeri na biyu dole ya ci bayit 8 a kowane ƙulli, don yawan igiyoyin ya wuce abin da bayit 4 ke iya ƙirgawa, ƙarin gigabayit 28 ke nan. GPU kati ne mai yin ɗimbin lissafi a lokaci guda. Katin V100 na NVIDIA kuwa gigabayit 16 ko 32 gare shi, A100 yana da 40 ko 80. Giraf ɗin ba zai shiga ba, sai dai ya zauna a ma'adanar kwamfuta ana ɗebo shi kaɗan-kaɗan.

A nan gizo ke saƙa. A cikin gidansa, V100 na karanta kusan gigabayit 900 a daƙiƙa. Amma hanyar da ke tsakaninsa da kwamfuta, PCIe 3.0 mai layi 16, a aikace kusan 12 take iya ɗauka. Ku raba 512 da 12: daƙiƙa 43 a zagaye ɗaya. PageRank, wato lissafin da ke auna muhimmancin shafuka, in zagaye 20 ne zai ci minti 14 a jigila kawai, katin na zaune yana jira. Don haka tambayar da nake so ku riƙe ita ce: cikin bayit ɗin da suka ƙetare wannan hanya, nawa aka yi amfani da su?

Dabarar da kowa ke fara gwadawa ita ce a yanka igiyoyin gunduwa-gunduwa, a bar bayanan ƙulli a kan katin. A ware gurbi biyu: yayin da ake lissafi a kan gunduwar da ke ɗaya, ana loda ta gaba a ɗayan. Sai dai ku tabbata kun kafe ma'adanar kwamfutar da cudaHostAlloc. In ba haka ba, sai direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ya fara kwafe bayanan zuwa nasa wurin, lodi da lissafi su daina tafiya tare. Wannan ya dace da PageRank, tunda kowane zagaye yana taɓa kowace igiya.

BFS fa, wato binciken da ke farawa daga ƙulli ɗaya yana bazuwa zuwa maƙwabta mataki-mataki? Zagayen farko ƙulli ɗaya tak ke aiki, na ƙarshe ma 'yan tsiraru ne. Sai ka ga an ɗauko gunduwa mai gigabayit guda saboda maƙwabtan ƙulli goma. Asara ce tsantsa.

Wasu sai su koma ga cudaMallocManaged, su bar wa direba aikin. Tun katunan Pascal na 2016 ana iya neman ma'adanar da ta fi ta katin, duk shafin ma'adana (wato yankin ma'adanar, ba shafin intanet ba) da aka taɓa sai a kawo shi. Daɗin rubutawa gare shi, ban musa ba. Amma ku duba da kyau. Mafi ƙanƙantar shafi bayit 4096 ne, alhali a giraf ɗinmu matsakaicin ƙulli maƙwabta 36 ne da shi, bayit 144. An kawo dubu huɗu don a karanta ɗari da 'yan kai. Idan katin ya cika kuma, sai a kori shafin da za a sake nema nan da ɗan lokaci, a kawo, a kora, a sake kawowa. Alamar wannan ciwo ita ce adadin bayit da aka yi jigilarsu ya ninka girman giraf ɗin kansa.

Magani biyu suka fi gamsar da ni, dukansu an wallafa su a 2020. Subway yana tattara maƙwabtan ƙullin da ke aiki kaɗai a kowane zagaye, ya gina ƙaramin CSR, ya tura shi. Kuɗin da ake biya shi ne lokacin ginawar, kuma idan kusan kowane ƙulli na aiki ribar ta ragu sosai. EMOGI kuwa ba ya kwafe komai: katin na miƙa hannu ya karanta kafaffiyar ma'adanar kwamfuta kai tsaye. Sirrin yana cikin yadda ake karantawa. GPU na tafiyar da ma'aikatansa rukuni-rukuni, 32 a tare. Idan kowane ma'aikaci ya kama nasa ƙulli, buƙatun za su fita gutsi-gutsi, bayit 32 kowace, kowace da nata kan saƙo, hanya ta cika da kan saƙo maimakon kaya. Ku ba rukunin gaba ɗaya ƙulli guda: 32 sau bayit 4 ya zama 128, buƙata ɗaya cikakkiya. Sannan ku ja farkon karatun baya ya faɗa daidai kan iyakar bayit 128, ma'aikatan da suka faɗo kafin farkon jerin su yi shiru. Layi biyu ne na rubutu, amma in an manta su kusan kowace buƙata sai ta tsage biyu.

Akwai kuma matse bayanai. Idan an jera maƙwabta daga ƙarami zuwa babba, tazarar da ke tsakaninsu ake ajiyewa maimakon lambobin kansu. Boldi da Vigna sun nuna a 2004 cewa giraf ɗin intanet na iya sauka zuwa kusan bit 3 a kowace igiya, maimakon 32. Wahalar ita ce lambobin ba su da tsayi ɗaya, ba ka sanin inda ta biyu ta fara sai ka warware ta farko, rukunin 32 kuwa ba ya son aikin bi da bi. Shi ya sa a kan GPU ake yanka dogon jeri zuwa sassa masu tsayi ɗaya, kowane sashe da mafarinsa, ko da matsin ya ɗan ragu.