Wa Ya Ba Ka Izinin Taɓa Bakin Mutane?

Wani likitan haƙori ne ya gabatar da wannan lacca a Katsina, gaban ɗaliban kiwon lafiya da wasu mutanen gari. An kwafo ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici kaɗan.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro, iyayenmu da ke zaune nan gaba, malamai abokan aiki, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. Batun da aka ba ni sunansa da tsawo, wai ladubban aikin likitan haƙori da sharuɗɗan lasisi, har na hango wasu can baya sun fara gyara zaman gyangyaɗi. Ku daure, maganar ta shafi bakin kowa a ɗakin nan.

Mai ciwon ciki in ya je wurin likita, a zaune yake, yana magana, yana tambaya. Namu mara lafiyar a kishingiɗe yake, baki a wangame, fitila tana dukan idonsa, ƙarafa a bakinsa. Ba ya ganin abin da ake yi masa, ko "dakata" ba ya iya cewa. In na ce masa haƙorin nan ya mutu, da me zai musa mini? Babba kuma haƙora 32 gare shi, duk wanda aka cire ya tafi ke nan. Na yara guda 20 su ne ake famfara wasu su fito. To mutumin da ya miƙa maka abin da ba ya gani, kuma ba ya dawowa, dole a samu wani a waje da ya bincike ka tun kafin shi ya zauna kan kujerar. Lasisi ke nan, saboda mara lafiya aka yi shi.

Kada ma wani ya ce mana Bature ya kawo abin. Akwai hadisi a wurin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah, ma'anarsa, wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to shi zai ɗauki nauyin ɓarnar da ta biyo baya. A shekarar 931 Miladiyya, wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya umarci babban likitansa, Sinan ɗan Sabit, ya yi wa masu magani na birnin jarrabawa, wanda bai ci ba ya bar taɓa mutane. Yau fiye da shekara dubu.

A Najeriya, hukumar da ke riƙe da wannan amana ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ƙasa, wadda kuka sani da MDCN. Dokarta ta farko ta 1963 ce, aka sake ta a 1988, kuma ita ce ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Hanyar zama likitan haƙori ɗaya ce, ba ta da ratse. Shekara shida a jami'ar da majalisar ta amince da ita. Makarantar farko a Legas aka buɗe ta a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya. Mu nan Arewa mun daɗe muna tafiya Kudu neman wannan karatu kafin Maiduguri da Bayero ta Kano su buɗe nasu sashen. In ka gama, ka yi rantsuwa, rajistar wucin gadi za a ba ka, ka yi shekara guda a asibitin da aka yarda da shi, ƙarƙashin manya suna kallon hannunka. Sai sun sa hannu cewa ka iya, sannan ka sami cikakkiyar rajista. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Indiya, in ya dawo, sai ya zauna jarrabawar majalisar ya ci. Iyaye suna jin haushin wannan, sun sayar da gona sun biya kuɗin makaranta, amma ni dai ina goyon bayan jarrabawar.

Ga kuma inda mutane da yawa ba su sani ba. Rajista daban, lasisin aiki daban. Lasisin duk shekara ake sabunta shi, kuma sai ka nuna ka halarci ƙarin karatu na maki 20 a shekarar. Saboda haka takardar digiri da aka sa wa gilashi aka rataye a bango ba ta isa ba. Abin tambaya shi ne lasisin bana.

Ɗalibai, yanzu ku nake nufi. A ɗakin haƙori ba likita kaɗai ke aiki ba. Akwai mai wankin haƙori da koyar da tsaftar baki da wasu ƙananan ayyuka da aka iyakance masa, hukumar rajistarsa daban, dokarta ta 1993. Akwai mai ƙera haƙoran roba da na tangaran a ɗakin aiki, shi ma hukumarsa daban, dokarta ta 1987. Aikinsu mai daraja ne. Ni ban iya ƙera haƙori kamar yadda suke ƙerawa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Matsalar tana farawa ne ranar da aka tura ɗayanku asibitin ƙauye, babu likita, mutane suka fara ce masa "dakta", shi kuma ya ji daɗin sunan. Yau ya cire wanda ke girgiɗi, ya zo da sauƙi. Gobe ya kama turmin ƙasa mai saiwa biyu, saiwar ta karye a cikin muƙamuƙi. Daga nan fa? Ba shi da hoton da zai ga abin da ya rage, ba a koya masa yanka dasashi ba. Sai ya cusa auduga, ya ce a je gida a kurkure da ruwan gishiri.

Na san uzurin, kuma ba ƙarya ba ne. Jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta, likitocin haƙori kuwa galibinsu a manyan garuruwa suke. Mutumin da ke bakin iyaka, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana shi zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan cikin gari. Wannan laifin masu mulki ne, a ci gaba da faɗa musu. Amma rashin likita bai mai da kai likita ba. Ka rage masa zafi, ka rubuta takarda, ka yi wa danginsa bayanin da za su ji tsoron jinkiri, ka tura shi gaba.

Ku bar ni in nuna muku abin da muke gani in abin ya ɓaci. Ana shigo da magidanci, ƙasan haɓarsa ya kumbura ɓangare biyu, ka taɓa ka ji tauri. Harshe ya tashi sama, yawu yana dalala saboda ba ya iya haɗiyewa, ba ya yarda ya kwanta don numfashi ke neman ɗaukewa. Ka tambayi ɗan'uwansa, ya ce ai haƙori ne kawai, ranar kasuwa aka cire masa, ko an ɗiga masa ruwan batir a kogon. Ruɓar ta bi saiwa ta gangara wuya. Irin wannan in ba a yi gaggawa ba, maƙogwaro ke toshewa. Wanda ya yi aikin kuwa ya naɗe tabarmarsa tun la'asar, ba wanda ya san sunansa, balle garinsu.

Mai cire tsutsar haƙori shi ma haka. Ya ƙona wasu 'ya'yan itace, ya sa ka shaƙi hayaƙin ta baki, ya nuna maka fararen abubuwa suna yawo a ƙwarya. Tsiron irin ne zafi ya fasa. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin ragowar sukari su fitar da tsami, tsamin ya rarake haƙori. Sai kuma filaya ɗaya da ta shiga baki goma, ana goge ta da tsumma. Cutar hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a busasshen jini. A asibiti kayan aiki sai sun shiga tukunyar tururi, zafin digiri 121, aƙalla minti 15. Tsoma su cikin ruwan Dettol bai wadatar ba.

To, kada mu yi ta dukan na kasuwa mu manta da kanmu. Lasisin tuƙi bai taɓa hana direba gudun wuce sa'a ba. Mu masu takarda muna da namu laifuffukan, kuma namu sun fi ɓuya, shi ya sa nake ganin sun fi muni.

Na ɗaya, bayar da hayar lasisi. Likita yana aikin gwamnati a wani gari, takardarsa tana rataye a wani shago a wani garin, wanda ke ciki yana cire haƙora da sunansa, ƙarshen wata a aiko masa da nasa kason. Duk jinin da ya zuba a shagon nan a wuyansa yake.

Sai maganar cirewa da gyarawa, wadda ta fi damuna saboda tana da baki biyu. Mutum ya zo bai yi barci ba kwana da kwanaki, yana cewa "likita cire shi kawai in huta". Cirewa ta fi sauri, layi ya yi tsawo, ka gaji. Amma haƙorin nan ciko zai iya ceton sa, ko a kashe jijiyar a cike saiwar. Haƙƙinsa ne ka gaya masa duka hanyoyin, da kuɗin kowacce, da abin da giɓi zai jawo: na gefe su karkato, na sama ya zazzago, tauna ta koma ɓangare ɗaya. In ya ji duk wannan ya ce shi cirewar yake iyawa, shi ke nan, ba ka ci amanarsa ba. Ɗaya bakin kuma, Alhaji ya shigo da babbar riga, ka dubi motarsa ta taga, nan take haƙoransa lafiyayyu suka fara bukatar aiki. Shi ma ba ya gani, shi ma ba zai musa ba. Ba a cika kama mai yin wannan ba, shi da Allah ne.

Neman izini kuma ba sa hannu a takardar Turanci ba ne ga wanda bai iya karanta ta ba. Ka yi bayani da Hausa, ko Fulatanci in akwai mai fassara, kafin allura ta shiga, ba bayan leɓe ya mutu ba. In yaro ne, izinin na iyaye ne. Baligi mai hankali kuwa yana da ikon ya ce a'a, ko kana ganin kuskure yake yi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo, wanda aka tuhuma saboda ya mutunta ra'ayin wata mara lafiya da ta ƙi ƙarin jini bisa aƙidarta. Kotun ta wanke shi. Kuma kafin ka taɓa ƙarfe, ka tambaya: akwai hawan jini? Ciwon suga? Sikila? Juna biyu? Ana shan maganin tsinka jini? Minti biyu ne, amma rashin su ya sa wasu sun kwana suna zubar da jini.

Sirri. A garuruwanmu kowa ya san kowa. Wani lokaci a baki ake fara ganin alamar cuta mai karya garkuwar jiki. Wata amaryar haƙoran gabanta na roba ne, angon bai sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin mara lafiya sai da izininsa, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta. Yanzu kuma ga waya. Yaranmu suna ɗaukar hoton bakin mutum, ga shi kafin aiki ga shi bayan aiki, su ɗora a TikTok da Facebook har da rabin fuska. An tambaye shi? Kundin ladubban majalisar ya hana tallar kai da farautar marasa lafiya, ya hana kuma janye mara lafiyan abokin aiki da kushe. Wannan doka ta 2014 ɗin ita ce kuma ta ce ba a mai da mai bukatar taimakon gaggawa saboda kowane dalili, har da kuɗi.

In an cuce ka, ina za ka? Ka rubuta ƙorafi zuwa majalisar, tare da takardar rantsuwa daga kotu. Akwai kwamitin bincike da zai kira likitan ya kare kansa. In ya ga akwai abin tuhuma, sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta likitoci. Ita tana iya jan kunne, ko dakatarwa har wata shida, ko ta goge sunan mutum daga rajista gaba ɗaya. Shi ma likitan yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Mutanenmu ba su cika bin wannan hanya ba, sai a ce ƙaddara ce, an bar wa Allah. Mun yi imani da ƙaddara, amma hadisin da na kawo ɗazu bai ce a ƙyale mai ganganci ba. Wanda ba shi da rajista kwata-kwata kuwa, majalisar ba ta da sunan da za ta goge, nasa laifi ne na 'yan sanda da kotu, kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha ke da ikon rufe wurin.

An miƙo mini takarda daga ɓangaren mata, ana tambayar haƙorin Makka, da wayar da 'yan mata ke sawa don ado. Hajiya, Allah ya karɓi ibada, ba ni da faɗa da haƙorin Makka. Abin dubawa shi ne yadda aka sa shi. In an kankare lafiyayyen haƙori, aka kifa masa hular da ba ta zauna daidai ba, abinci zai riƙa maƙalewa a gindinta, dasashi ya kumbura, haƙorin ya ruɓe a ciki ba a gani sai wari ya tashi. Wadda take da shi ta zo a duba gefen, in ya zauna lafiya a bar mata abinta. Ita kuwa waya, magani ce, tana motsa haƙori a cikin ƙashi, likitan da ya ƙware a kanta ke ɗaurawa yana bibiya wata-wata. Wadda ake mannawa a shagon kwalliya ita ma tana motsa haƙorin, sai dai ba wanda ya san inda za ta kai shi. Haka masu zuwa a fafe musu wushirya: fatar haƙori in an goge ta ba ta tsirowa, ruwan sanyi ma sai ya gagare ki sha.

Shugaba yana nuna mini agogo, ga shi an fara kiran salla. Sauran takardun a ajiye mini, in mun idar sai mu ci gaba. Wassalamu alaikum.