WNBA: Yadda Gasar Ƙwallon Kwandon Mata Ta Amurka Ta Tsira Da Ranta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, masu horar da 'yan wasa, ƙannena ɗalibai maza da mata, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan babbar gasar ƙwallon kwando ta mata ƙwararru, wato inda wasan ya zama sana'a, mace ta ci ta sha da shi. Ƙasashe da dama suna da irinta: Turkiyya, Sifen, Faransa, Sin, Ostareliya. Na ɗauki ta Amurka, WNBA, domin nan ne duk wata gwana a duniya take burin taka ƙafa, kuma lissafinta a fili yake, ana iya bin sawun kuɗin. Ina gaya muku tun yanzu, a kan kuɗin zan fi daɗewa. Gwaninta ba ta taɓa yi wa matan nan ƙaranci ba. Abin da ya kashe gasannin da suka gabata aljihu ne, abin da ya raya wannan ma aljihu ne, sai kuma jikin 'yan wasan da ya ɗauki sauran nauyin.

A 1972 Amurka ta kafa wata doka, Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Wasanni suka faɗa ciki. Jami'o'i suka shiga ba 'yan mata tallafin karatu saboda ƙwallo, aka riƙa yaye gwanaye shekara bayan shekara. To, an yaye su, sai ina? Ko ta tsallaka Turai, ko ta rataye takalmi tana da shekara ashirin da biyu. An gwada kafa gasa a 1978, WBL, ta yi kaka uku ta mutu a 1981. An sake kafa wata a 1996, ABL, wadda ta fi WNBA biyan albashi mai tsoka, amma a Disamban 1998, ana tsakiyar kaka ta uku, aka ce wa 'yan wasa kuɗi ya ƙare, kowa ta kama gabanta.

WNBA ta zo da abin da waɗancan ba su da shi, wato uban gida mai hali. A Afrilun 1996 masu ƙungiyoyin NBA, wato babbar gasar maza ta Amurka, ƙarƙashin shugabanta na lokacin David Stern, suka amince a kafa ta. Watanni kaɗan bayan haka matan Amurka suka ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, ƙasar ta san sunayen Sheryl Swoopes da Lisa Leslie da Rebecca Lobo. Ran 21 ga Yuni 1997 aka yi wasan farko, New York Liberty ta doke Los Angeles Sparks da ci 67 da 57. Ƙungiyoyi takwas ne kacal.

Ku lura da watan, Yuni. Dabarar ke nan. ABL ta yi wasanninta da hunturu, daidai lokacin da idon jama'a ke kan maza. WNBA ta zaɓi bazara, sa'ad da NBA ta tafi hutu, filayenta na zaune ba kowa, gidajen talabijin kuma na neman abin da za su nuna. Filin yana nan, ma'aikata suna nan, masu sayar da tikiti suna nan. Wannan shawara ce ta ceci gasar. Ku riƙe ta a rai, domin ita ce kuma ta jawo wahalar da zan zo kanta.

Kada a ɗauka tafiyar ta miƙe daga nan. Houston Comets ta ɗauki kofi huɗu na farko a jere, 1997 zuwa 2000, da Cynthia Cooper da Swoopes da Tina Thompson. A 2008 ƙungiyar ta rushe saboda an rasa mai saye. Kofi huɗu a kabad, amma babu mai biyan albashi. Miami, Portland, Cleveland, Charlotte, Sacramento, duk sun rufe. Gasar da ta kai ƙungiyoyi 16 a shekara ta 2000 ta dawo 12 a 2010, ta kuma zauna a nan har 2024.

Ɗan'uwa, miƙo min ƙwallayen nan biyu. Yauwa. Wannan ta maza ce, kewayenta inci 29.5. Wannan ta mata ce, inci 28.5. Inci ɗaya ne tsakani, amma wanda ya saba riƙe ƙwallo da hannu ɗaya zai ji shi a yatsunsa nan take. Bari a zagaya da su ku taɓa. Kwandon kuwa ba a sauke shi ko kaɗan ba, ƙafa goma ne daga ƙasa, daidai da na maza. Shi ya sa da Lisa Leslie ta yi tsalle ta cusa ƙwallo cikin kwando da hannunta a 2002, karo na farko a gasar, labarin ya zagaya duniya. Wasa kashi huɗu ne, kowane minti goma, kuma ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta jefa ƙwallo ko ta rasa ta. Masu cewa ba a tashi sama a wasan mata gaskiya suka faɗa, ba a yawan tashi. Amma malam mai horarwa, idan yaranka kake so su ga yadda ake miƙa ƙwallo da yadda ake tare hanya don buɗe wa abokiyar wasa fili, wasan matan za ka kunna musu.

Sai ƙuncin gurbi. A 2024 kowace ƙungiya 'yan wasa 12 ne iyakarta. Ƙungiya 12, mutum 12, gurabe 144 ke nan ga duniya gaba ɗaya, kuma wasu ƙungiyoyin 11 suka riƙe saboda an ƙayyade jimillar albashin da za su iya biya. A wancan lokaci duk shekara akan zaɓi sababbi 36 a zagaye uku, da yawansu kuma a sallame su tun kafin a fara kaka. Yarinya ce da aka kira sunanta a talabijin a Afrilu, uwarta na hawayen murna, a Mayu ta tattara kayanta.

To, mu zo ga wahalar bazara. Kaka ta fara a Mayu ta ƙare a Oktoba, albashin kuma na rabin shekara ne. Me mace za ta yi da sauran watannin? Sai ta hau jirgi zuwa Turkiyya ko Sin, a da har da Rasha, ta buga wata kakar cikakkiya, ta dawo a Mayu, wani lokaci kwana kaɗan tsakani. Shekara ta zagayo jiki bai huta ba. Kuma a shekarun baya kuɗin gaske yana can ne. Diana Taurasi, wadda ta fi kowa yawan maki a tarihin gasar, sama da 10,000, a 2014 albashinta a gida bai wuce dala dubu ɗari da 'yan kai ba, alhali ƙungiyar UMMC Ekaterinburg ta Rasha tana ba ta kusan dala miliyan ɗaya da rabi. A 2015 Rashawan suka ce ta huta, kada ta buga WNBA a shekarar, za su biya ta ladan zaman. Ta kuwa zauna. Ku duba wannan abin kunya: gasar da ake kira ta ɗaya a duniya, wata ƙungiya a ƙetare ta biya tauraruwarta don kada ta taka mata wasa.

A Afrilun 2019 Breanna Stewart, wadda ita ce gwarzuwar WNBA ta 2018, ta tsinke jijiyar agara tana buga wa Dynamo Kursk ta Rasha wasan ƙarshe na gasar Turai. Kakar 2019 ta wuce ta ɗungurungum. Sai kuma wadda kowa ya ji, Brittney Griner. A Fabrairun 2022 aka kama ta a filin jirgin Mosko da man tabar wiwi a kayanta, aka yanke mata ɗaurin shekara tara, ba ta fito ba sai Disamba, da aka yi musayarta da dillalin makamai Viktor Bout. Ba ina wanke ta daga laifi ba ne. Tambayata ita ce, me ya kai ta Rasha ana gab da yaƙin Ukraine? Neman abinci ta je.

A cikin gida ma, a da, tafiya azaba ce. Shekara da shekaru 'yan wasan jirgin fasinja suke hawa kamar kowa. Mace mai tsawon kusan mita biyu ta naɗe ƙafafu a kujerar talaka, ta sauka ta shiga fili. A 2018 'yan wasan Las Vegas Aces suka kwana suka wuni a hanya saboda jirage na ta sokewa, suka isa Washington sa'o'i kaɗan kafin wasa, suka ce ba za su buga ba don gudun rauni. Aka rubuta musu an cinye su. Da mai New York Liberty ya ɗaukar wa 'yan wasansa shatar jirgi daga aljihunsa a 2021, tarar dala 500,000 aka ci ƙungiyar, wai ya fifita su a kan sauran. Sai a 2024 gasar ta fara ɗaukar wa kowa shata, a kan dala miliyan 25 a shekara.

Wa ya matsa aka samu sauyi? Su da kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 1998 suka kafa ƙungiyar ƙwadago, kuma tun 2016 shugabarta ita ce Nneka Ogwumike, haifaffiyar Texas, iyayenta 'yan Najeriya. Ita aka fara zaɓa a 2012, ƙanwarta Chiney ma ita aka fara zaɓa a 2014. A 2016 Nneka ta zama gwarzuwar shekara, ta kuma jefa ƙwallon da ta ba Sparks kofi. A hannunta aka ƙulla yarjejeniyar 2020, wadda ta kai babban albashi dala 215,000, ta ba da hutun haihuwa da cikakken albashi, da alawus ɗin raino dala 5,000 a shekara. Kafin nan rabin albashi ake ba mai ciki. A ganina wannan sashe na haihuwa ya fi ƙarin albashin nauyi, domin shekarun da mace ke kan ganiyar wasa su ne shekarun da take haihuwa, kuma namiji bai taɓa zama ya zaɓa tsakanin biyun ba.

Sannan 2024 ta zo. Wasan ƙarshe na jami'o'i na mata, South Carolina da Iowa, mutum kusan miliyan 19 suka kalla, fiye da na maza a karo na farko. Caitlin Clark ta fito daga Iowa ta shiga Indiana Fever, jama'a suka biyo ta, har wasu ƙungiyoyin suka riƙa ƙaura zuwa manyan filaye idan za ta zo. Ba ita kaɗai ba ce, A'ja Wilson ta Las Vegas ta zama gwarzuwar shekara sau huɗu zuwa 2025, amma Clark ce ta jawo sababbin 'yan kallo. A Yulin 2024 aka sa hannu kan yarjejeniyar nuna wasannin da kamfanonin Disney da Amazon da NBC a kan dala biliyan 2.2 cikin shekara 11, daga 2026. Sabuwar ƙungiya, Golden State Valkyries, ta shigo a 2025, ta sayar da tikitin duk wasanninta na gida, mutum sama da 18,000 kowane dare. Aka sa shigowar wasu sababbin ƙungiyoyi, Toronto ta Kanada da Portland a 2026, Cleveland a 2028, Detroit a 2029, Philadelphia a 2030.

Albashin Clark a shekararta ta farko? Dala 76,535. Victor Wembanyama, wanda aka fara zaɓa a NBA a 2023, ya ɗauki sama da miliyan 12. Mutane suka yi ta kumfar baki a kan wannan tazara, amma ni ba nan nake kallo ba. NBA ta girmi WNBA da shekara hamsin, kuɗin shigarta ya ninka nata nesa ba kusa ba, kuma matan ba su ce a daidaita su da maza dala da dala ba. Kaso suke magana. Maza suna ɗaukar kusan rabin abin da gasarsu ta samu, albashinsu na tashi idan ciniki ya tashi. Matan kuwa an rubuta musu ɗan ƙarin shekara-shekara a yarjejeniyar 2020, ciniki ya yi tashin gwauron zabo ya bar su a ƙasa. Shi ya sa a Oktoban 2024 suka sanar za su fice daga yarjejeniyar, a Yulin 2025 kuma, a wasan taurari na Indianapolis, suka fito ɗumama jiki da baƙaƙen riguna da aka rubuta wa cewa a biya su bashin da suke bi.

Na ga hannu a can gefe. Bismillah, malam.

Ga waɗanda ba su ji ba, ya ce ai an ce gasar asara take yi, to da me za a ƙara albashin?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba ƙage ba ne. Shugaban NBA Adam Silver ya faɗa a 2018 cewa tun kafa gasar ana asarar sama da dala miliyan goma a shekara. Wannan haƙurin na masu kuɗi gaskiya ne, shi ABL ta rasa. Amma malam, mai ƙungiya ba a ribar shekara kaɗai yake ci ba, yana ci ranar da ya tashi sayarwa. An ruwaito cewa Mark Davis ya sayi Las Vegas Aces a 2021 a kan kusan dala miliyan biyu. Golden State ta biya miliyan 50 don ta shiga. A 2025 Cleveland da Detroit da Philadelphia kowacce ta yarda ta biya miliyan 250. Attajiri ba ya zuba miliyan 250 a ramin da ya san ba ya cika. 'Yar wasa kuwa ba ta da hannun jari a ƙungiyar, abin da ta samu kafin gwiwa ta gaza shi ne nata.

Kuma yanzu suna da wata ƙofar. A Janairun 2025 Breanna Stewart da Napheesa Collier suka buɗe tasu gasar ta hunturu a Miami, Unrivaled, mutum uku-uku, suka ba 'yan wasan farko hannun jari tare da albashi mai kauri na 'yan makonni. Wadda ke da wurin zuwa da hunturu ba tare da ta tsallaka teku ba, ba za ta zauna a teburin ciniki da rawar murya ba.

Shugaban taro yana nuna min agogo. Sauran tambayoyin a rubuto su a takarda, kuma don Allah duk wanda ƙwallayen nan suka tsaya a hannunsa ya dawo da su gaba.