Sharhi: Ƙofar Sassauci a Dokar Filaye ta Amurka

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa wani ɗaki ne da ba kasafai 'yan jarida ke shiga ba, wato ɗakin taron ƙaramar hukuma a Amurka. Can da yamma, bayan an tashi aiki, mutum biyar ko bakwai, yawancinsu 'yan sa-kai, sukan zauna su yanke wa mutum hukunci kan abin da zai iya ginawa a filin da ya saya da guminsa.

Asalin abin ya haura shekara ɗari. A 1916 birnin New York ya kafa dokar da ta rarraba gari shiyya-shiyya, nan gidajen kwana, can kantuna, can masana'antu, bayan wani bene mai hawa kusan 40 ya tare wa maƙwabtansa hasken rana. A 1926 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta tsarin, a shari'ar da wani kamfanin filaye ya kai ƙauyen Euclid na jihar Ohio. Tun daga nan kusan kowane gari ya zana taswirarsa.

To amma taswira a takarda take, fili kuwa a ƙasa. A ce doka ta ce kowane gida ya ja baya ƙafa 25 daga titi, ga shi kuma filin wani bawan Allah siriri ne, bayansa rafi. In ya bi doka sau da ƙafa, ko ɗaki ɗaya ba zai fita ba. Irin wannan ne ke neman sassauci, wato ƙofa ta farko. Sharaɗin shi ne matsin ya fito daga yanayin filin, ba daga son ƙarin riba ba, kuma ba shi ya jawo wa kansa ba. Ƙofa ta biyu ita ce izini na musamman, na abubuwan da doka ta yarda da su a unguwa amma sai an duba ɗaya bayan ɗaya: gidan mai, gidan renon yara, makaranta, wurin ibada. A jihar Michigan, alal misali, sai an aika wa duk mai fili a tazarar ƙafa 300 takarda, aƙalla kwana 15 kafin zaman sauraron jama'a.

A ganina waɗannan ƙofofi biyu dole ne, domin dokar da ba ta lanƙwasawa zalunci take zama. Damuwata ita ce wanda ke riƙe da makulli, da kuma mutanen da yake saurara.

Su wa ke zuwa wannan zama? Malaman Jami'ar Boston sun bi bayanan irin waɗannan tarurruka a garuruwa 97 na kewayen birnin, suka tarar cewa masu goyon bayan gina sababbin gidaje ba su wuce kashi 15 cikin 100 na masu magana ba. Masu tashi su karɓi makirufo galibi dattawa ne masu gidan kansu. Ɗan haya da ke aikin dare ba ya nan, wanda zai zauna a gidan da ba a gina ba tukuna kuwa bai ma san ana taron ba. Kowa a ba shi minti uku, kuma waƙar ɗaya ce: cunkoson motoci, wurin ajiye mota, darajar gidaje za ta faɗi, unguwa za ta canza kama. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Garin Cleburne na jihar Texas ya nuna haka ƙarara. A 1980 aka nemi izini na musamman don buɗe gidan da zai ɗauki mutum 13 masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Majalisar gari ta hana. Hujjojinta? Maƙwabta na tsoro, akwai makaranta a tsallaken titi, ɗalibai za su tsokane su, kuma wurin na iya ambaliya. Da magana ta kai Kotun Ƙoli a 1985, sai alƙalai suka lura cewa a wannan fili dai ana iya buɗe asibiti ko gidan tsofaffi ba tare da neman wani izini na musamman ba. Ashe ambaliyar zaɓen mutane take yi? Kotu ta ce ƙyama ce kawai marar tushe, ta soke hanin.

Irin wannan ya sa Majalisar Dokokin Amurka ta kafa doka a 2000 da ta hana ƙananan hukumomi nuna wa wuraren ibada bambanci a harkar filaye. Duk da haka, ku ji abin da ya faru a ƙaramar hukumar Bernards ta jihar New Jersey. Al'ummar Musulmi ta nemi izinin gina masallaci a shiyyar da doka ta yarda da wuraren ibada. Aka yi ta zama, aka yi ta ɗagawa, har zama 39, sannan a Disambar 2015 aka ce a'a. Abin da ya tona asirin kwamitin shi ne lissafin motoci. Da ma'aunin da ake yi wa coci, gurbin mota 50 ya ishe su, su kuwa aka ce sai sun samar da 107. Ba wanda ya fito a takarda ya ce ba ma son masallaci. Da gurbin mota aka yi yaƙin.

Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata mai sauraro ya duba a kowane irin wannan hukunci shi ne rubutaccen dalili. Kwamiti ya faɗi wane sashe na doka ya dogara da shi, wace shaida aka kawo, kuma me ya yanke wa na baya da ya zo da buƙata irin wannan. Ihun masu halarta ba shaida ba ne, ko da sun cika ɗaki har waje. A Bernards, alƙalin tarayya ya yanke a ƙarshen 2016 cewa ma'aunin motocin nuna bambanci ne, a 2017 kuma ƙaramar hukumar ta amince a gina masallacin, ta kuma yarda a biya dala miliyan 3.25.