Harsashi Ba Ya Tambayar Garinku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ƙara maka lafiya. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan uwa daga Agege, Idi-Araba, Alaba Rago da Mile 12, barkanmu da haɗuwa.

An ce in yi magana a kan ko ya halatta jami'an tsaro su harbe masu zanga-zanga. Zan fara da laifina. Ranar 20 ga Oktoba, 2020, da labari ya iso cewa sojoji sun buɗe wuta a kan masu zanga-zangar #EndSARS, ta adawa da zaluncin 'yan sanda, a ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Lekki a Legas, abin da na faɗa a bakin rumfata shi ne, "Ai su suka ja." Mako biyu an tare hanyoyi, motocin tumatir da albasa sun maƙale, kaya na ruɓewa, zuciyata ta cika. Na san ba ni kaɗai na faɗi haka ba a cikin wannan zauren. Ina neman gafarar Allah a kan wannan kalma.

Ku tuna yadda abin ya kasance. Gwamnan Legas Sanwo-Olu ya sa dokar hana fita a ranar, yara suna zaune a kan kwalta riƙe da tutar ƙasa suna rera taken Nijeriya, sai sojoji suka iso wajen magariba. Da farko rundunar soja ta ce ba ta ma je wurin ba. Daga baya ta yarda ta je, ta ce harsashin da ba ya kisa aka harba sama, sannan a gaban kwamitin bincike ta amsa cewa akwai harsashin gaske a hannun sojojin. Kwamitin, wanda gwamnatin Legas da kanta ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, ya miƙa rahoto a Nuwamba 2021 ya kira abin kisan kiyashi. Gwamnatin jihar ta ƙi amincewa da wannan. A Yuli 2024 kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa Nijeriya ta tauye haƙƙin masu zanga-zangar da suka kai ƙara.

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba, domin mu ne 'yan kasuwa, mu ake fara wawushewa. An ƙone caji ofis na Orile, an ƙone motocin bas na BRT a Oyingbo, a Fagba an ƙone gidaje da dukiyar mutanenmu. Shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ce a faɗin ƙasa an kashe 'yan sanda 11 da sojoji 7, ban da farar hula 51. Waɗannan jami'an ma 'ya'yan wasu ne, da yawansu ma daga garuruwanmu suka fito. Wanda ya zo da adda ko jarkar fetur zai hallaka mutum, babu mai cewa a tsaya kallonsa, kuma ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 sun ba jami'i damar harbi idan rai na cikin haɗari nan take kuma babu wata hanya. Amma yaron da ke zaune da kwali a hannu, ran wa yake barazana gare shi? Tare hanya laifi ne, karya dokar hana fita laifi ne. A kama shi, a kai shi gaban alƙali. Wace kotu ce a ƙasar nan take yanke hukuncin kisa a kan tare hanya?

Masu kare harbin suna fakewa da sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya yi togaciya a kan murƙushe tarzoma. To, sashen ya ce ƙarfi gwargwadon bukata. Akwai barkonon tsohuwa, akwai ruwan zafi, akwai kamu. Sashe na 40 kuma ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda kafin a yi gangami ba, kuma shari'ar ta samo asali ne daga taron jam'iyyar ANPP da aka watsa da barkonon tsohuwa a Kano a 2003. Wato a garinmu aka sha hayaƙin da ya haifar da wannan hukunci.

Iyayenmu sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu shafa ba. A Disamba 2015 sojoji sun yi arangama da 'yan Shi'a a Zariya, daga baya jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya, muka kawar da kai muka ce 'yan Shi'a ne. A Lekki muka ce 'yan Kudu ne. Sai ga Agusta 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Neja da Borno, 'yan sanda suka musanta. A Nuwamba muka ga ƙananan yaranmu suna faɗuwa a kotun tarayya a Abuja saboda galabaita, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Ranar nan wa ya rage mu ce shi ya ja? Malamai suna nan, sun fi ni sanin abin da aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta faɗa game da wanda ya kashe rai guda ba da haƙƙi ba. Ayar ba ta ware ƙabila ko ɗarika ba.

Ranka ya daɗe, roƙona shi ne ƙungiyar nan ta nemi lauya tsayayye, a raba lambarsa ga kowane ɗan acaba, ɗan dako da mai tura ruwa, domin su ne a bakin titi duk ranar da gari ya rikice. Idan an harbi wani namu, kada gaggawar jana'iza ta hana a rubuta sunansa, wurin, lokacin da shaidu, a kuma karɓi takardar asibiti. In Sarki ya amince, mu nemi zama da shugabannin Yarbawa da Inyamurai na unguwanninmu da DPO tun gari na lafiya. Shugaba, ina roƙon a sa batun kuɗin lauyan a cikin abin da za a tattauna yau kafin a tashi.

Wassalamu alaikum.