Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi a Taron Gamayyar Ɗakunan Karatu na Jami'o'i

Mai girma Ministan Ilimi, shugabannin jami'o'i, takwarorina shugabannin ɗakunan karatu, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, lale marhabin. Mun san tulin aikin da ka baro, amma ka zo ka zauna da mu a ranar da muke tsara tafiyarmu ta shekaru biyar masu zuwa. A madadin dukkan ɗakunan karatun wannan gamayya, mun gode.

Duk ma'aikacin laburare ya san fuskar ɗalibin digiri na uku da ya gano maƙalar da bincikensa ya rataya a kanta, ya danna, sai 'yan layukan taƙaitawa suka bayyana, sauran a kulle sai an biya. Ya taho wurinmu, mu ce masa ba mu yi rajistar wannan mujalla ba. Abin da ya fi ciwo, sau da yawa wata jami'ar tana da ita, mu kuma muna riƙe da wadda take nema, kowa ya je gaban kamfanin ɗab'i shi kaɗai an yanka masa farashi. Wannan ne ya haɗa mu.

Wasu sun riga mu farga. A 1967 jami'o'i da kwalejojin jihar Ohio ta Amurka suka kafa OCLC, wata cibiyar haɗin gwiwar ɗakunan karatu, don su daina maimaita rubuta bayanan littafi ɗaya a wurare da dama, daga nan aka samu WorldCat, jerin littattafan ɗakunan karatu na ƙasashen duniya a intanet. Amma labarin Jamus ya fi tsaya mini a rai. Jami'o'insu da cibiyoyin bincike sun dunƙule ƙarƙashin shirin DEAL na yin cinikin mujallu tare, kuma daga 2017 da yawansu suka ƙi sabunta rajista da kamfanin ɗab'i na Elsevier. Sun jure rashin sababbin mujallu shekara da shekaru, ba su watse ba. Kamfanin ɗab'i na Wiley ya sa hannu kan yarjejeniya da su a 2019, na Springer Nature a 2020, shi ma Elsevier ya zo teburi a 2023.

Namu tsarin shi ne jerin littattafai guda a intanet, cinikin mujallu da murya ɗaya, da aron littafi tsakaninmu cikin kwanaki. Akwai kuma kundayen digiri da ke jibge a sito, ƙura da gara na cin su. Na taɓa ɗaga wani kundi, shafukan ƙarshe suka zube a hannuna, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Muna so mu ɗauki hotonsu a kwamfuta tun da sauran abin ceto.

Ranka ya daɗe, roƙonmu ɗaya ne. Yarjejeniyar mujallu takan ɗauki shekaru, kasafinmu kuwa na shekara guda ne, wani lokacin ma ya makara. Idan jami'a ɗaya ta kasa biyan kasonta, ana iya rufe wa kowa ƙofa. Muna roƙon a ware wa gamayyar kaso tsayayye da za mu iya ɗaukar alkawari a kansa.

Bayan jawabinka, za mu so ka leƙa ɗakin da ake ɗaukar hoton kundayen, ka gani da idonka. Bismillah, ranka ya daɗe, wuri naka ne.