Darasi: Yadda ake aiki da lens mai faɗi sosai a kyamarar fim ta renjifainda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ga abu biyu a gabana kan tebur, ga kyamara ga kuma wannan ɗan mitsitsin lens ɗin da bai fi girman murfin kwalbar man shafawa ba, 15mm ne na kamfanin Voigtländer, lambar nan zangon lens ce, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon faɗin da yake kwasa, kuma a kansa za mu yi yawancin maganar yau. Wancan satin wani ɗan uwa ya turo min tambaya, wai ya sayi irinsa ya ɗaura a kyamararsa ya leƙa ta tagar kyamarar sai ya ga babu abin da ya canza, ko dai an sayar masa da lalatacce ne? A'a malam, lafiyarsa ƙalau. Bari mu fara daga nan.

Ita renjifainda ba ta cikin lens kake kallo ba. Wannan 'yar tagar da ke kusurwa daban take, lens ma daban, ko 50 ka ɗaura ko 15 ko ma ka cire lens ɗin gaba ɗaya abu ɗaya za ka gani. Abin da kyamarar ke yi kawai shi ne ta zana maka layuka masu haske a cikin tagar ta ce iya nan hotonka zai tsaya. To layukan nan suna da iyaka. Leica M3 da ta fito a 1954 layin 50 da 90 da 135 kawai gare ta, M2 ta zo da na 35, sai M4-P da M6 suka kai 28, kuma a 28 ɗin ma in kana sa tabarau sai ka dinga juya ido kafin ka ga gefe. Duk abin da ya fi 28 faɗi taga ta gaza. Wadda na sani ta tsallake wannan ita ce Bessa R4, wato R4M da R4A, su suna da layin 21 da 25 a ciki, amma su ma 15 ta fi ƙarfinsu.

Shi ya sa ake ɗora wannan, kun ganshi, ɗan fainda na waje da ake zurawa a gurbin filasha a saman kyamara. Kowane lens da nasa. Na 21 ba zai maka aikin 15 ba, kuma in za ka sayi lens na hannu ka tambaya tun kafin ka biya ko da faindansa, don sau da yawa shi kaɗai kuɗinsa sai ya ba ka mamaki.

To me ya sa mutum zai ɗorawa kansa wannan wahalar, ga kyamarori masu madubi wato SLR da za ka ga komai ta cikin lens? Dalilin yana cikin jikin kyamarar. Bari in cire lens ku gani... ku dubi ramin nan, daga bakin kyamara har labulen da ke gaban fim babu komai, fili ne. A Leica M tazarar daga baki zuwa fim milimita 27.8 ce, a Nikon F kuwa 46.5, saboda dole a bar wa madubi wurin da zai ɗaga ya sauka. Lens mai gajeren zango irin 21 ko 15 so yake ya matso kusa da fim sosai, a SLR madubi zai doke shi, don haka sai an yi dabarar da ake kira retrofokas, wadda Angénieux na Faransa ya fito da ita a 1950, a sa manyan gilasai a gaba su tura hoton baya. Dabarar tana aiki, amma lens yakan yi girma ya yi nauyi, kuma na zamanin da sukan lanƙwasa layi kamar cikin randa. A renjifainda kuwa mai ƙira yana da 'yancin ya cusa gindin lens ɗin har can ciki, gaba da baya su kusa zama iri ɗaya, sai ka samu ƙaramin abu da layinsa yake fita a miƙe. Biogon 21mm f/4.5 da Ludwig Bertele ya zana wa Zeiss a 1954 haka yake, Super-Angulon 21 na Leica haka, Russar 20mm na Tarayyar Sobiyet ma haka. Kai hatta Nikon da suka yi 21 na farko na Nikon F sai ka ɗaga madubin ka kulle shi sama sannan lens ya shiga, ka ɗora fainda a waje, wato ka mai da SLR ɗinka renjifaindar dole.

Da can kayan nan na masu hannu da shuni ne. Abin ya sauko ne a 1999 lokacin da kamfanin Cosina na Japan ya fito da Bessa L tare da wannan 15mm f/4.5 ɗin ƙarƙashin sunan Voigtländer, bayan shekara guda kuma suka ƙaro 12mm f/5.6. Ita Bessa L ɗin ma abin dariya, ba ta da taga ba ta da renjifainda, wato na'urar auna nisa da ke taimaka maka saita fokas, akwati ne kawai mai labule da ma'aunin haske. Kuma ba rowa suka yi ba, sun san ba ka buƙata.

Nan ne zan ɗan daɗe, don shi ne mutane ba sa yarda sai sun gwada. Fokas a lens irin wannan kusan ba aiki ba ne. Ku matso ku ga lambobin da ke jikinsa. In na sa ƙofar haske a f/8 na murɗa nisa zuwa mita ɗaya, to daga kamar rabin mita har zuwa ƙarshen duniya komai zai fito tas. Shi ke nan, na gama fokas na yini guda. A 21mm kuma f/8 ɗin dai, ka ajiye a wajen mita biyu, daga mita ɗaya zuwa can ƙurya ya shiga. Kwatanta da 50mm da sai ka ajiye a wajen mita goma kafin ka samu daga mita biyar zuwa sama. Wannan na hannuna na farkon fitowa ne mai zare, wanda ake murɗawa kamar murfin kwalba, ba ya ma haɗuwa da renjifaindar kyamara, kana juya shi ɗigon tsakiyar taga da ake saita fokas da shi ko motsi ba zai yi ba. In za ka sa shi a Leica M sai da 'yar zoben adafta, kaurinta milimita ɗaya tak. Na biyun da suka fitar daga baya yana da bakin M kuma yana haɗuwa, amma ni gaskiya ban ga abin da ya ƙara min ba in ban da wurin ɗaura filta. Wasu ma ɗan salatif suke mannawa a zoben kada ya goce a jaka.

To in fokas ya zama banza ina aikin yake? A ƙafarka yake da kuma yadda ka riƙe kyamarar.

15mm yana kwasar digiri 110 daga kusurwa zuwa kusurwa, 12mm digiri 121, 21mm wajen 90. Wanda bai saba ba abin da yake yi shi ne ya ja baya ya ce bari in kwashe komai, sai a wanko hoto ka ga rabin sama fari fat, rabin ƙasa turɓaya, can a tsakiya wasu ɗige-ɗige wai mutane ne. Ni ma haka na yi a naɗin farko, hoto 36 da ƙyar na zaɓi uku, na zauna ina kallon nagetif ina cewa kuɗin fim da na wanki sun tafi a banza. Lens ɗin nan yana tura komai nesa ne, mutumin da ke taku biyar daga gare ka zai fito kamar yana hayin titi. Don haka matsawa za ka yi, ka matsa har ka ji kunya, sannan ka ƙara taku ɗaya. In mai shayi kake ɗauka to butar ta kasance kamar kamu biyu daga lens, ita ta cika gaba, shi yana bayanta, rumfar da masu zama a benci da titi duk su biyo baya. Dole sai da wani abu a gaba da ido zai fara sauka a kai. Kuma da yake za ka shiga jikin mutane haka, ka yi sallama ka nemi izini, wannan ba lens ɗin ɗauka daga nesa a ɓoye ba ne.

Amma fuskar mutum kada ka kai ta gefe. Duk abin da yake zagaye in ya je kusurwa sai ya miƙe kamar ƙwai, kai ya yi tsawo, kafaɗa ta baje. Ba laifin lens ba ne, haka lissafin shimfiɗa fili mai faɗi a kan fim yake. Hoton taron biki da 15mm, wanda ya tsaya a ƙarshen layi ba zai gode maka ba.

Sai karkata. Ku kalli ƙofar nan ta bayana, in kyamara tana tsaye daidai, gefen ƙofar biyu a miƙe za su fito. Na ɗan ɗaga hancinta sama kaɗan, kaɗan fa, sai saman ƙofar ya tsuke gini ya zama kamar zai faɗi baya. Na sunkuyar, sai ya buɗe ta sama. Matsalar kuma fainda na waje ba ya nuna maka wannan da kyau, don shi kansa yana lanƙwasa layi, sai ka ga bango ya yi ciki alhali a fim a miƙe yake. Abin da nake yi, ina neman wani abu da yake daidai tsayin idona can nesa in ajiye shi a tsakiyar fainda, in dai yana tsakiya to kyamara ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa. In gini nake ɗauka da gaske kuwa sai in kafa ta a kan ƙafa uku in ɗora ɗan ma'aunin nan irin na magina mai ruwa da kumfa a ciki. In sama ta yi yawa ko ƙasa ta yi yawa, gara in yanke wajen bugawa da in karkata. Sai dai in da gangan kake son ginin ya rinjayo, wannan kuma zaɓinka ne, amma ka karkata sosai yadda kowa zai san nufi ne.

Wani abu kuma, faindan yana sama da lens da 'yan santimita, abin da yake gani da abin da lens ke gani ba ɗaya ba ne in abu yana kusa. Daga mita biyu zuwa sama ka manta da shi. A rabin mita kuwa za ka ga ka saita abu a tsakiya ya fito ya haura sama, ko ka yanke masa kai, don haka ka bar sarari a gefe-gefe kada ka matse.

Yanzu abubuwan da ke shiga hoto ba da gayyata ba. Yatsa, na ɗaya kenan. Lens ɗin gajere ne, hannun da ka saba tallafe lens da shi yana cikin hoto kai ba ka sani ba tunda ba ta nan kake kallo ba. Ku ga yadda nake riƙewa, hannu biyu a jikin kyamara, yatsu a baya. Igiyar wuya, hannun babbar riga in iska ta kaɗa, takalminka in ka juya kyamara a tsaye, inuwarka in rana tana bayanka da safe ko da la'asar, ƙafar abin kafawa, duk na taɓa samunsu a nagetif. Murfin lens ma, za ka iya ɗaukar hoto goma da murfi a rufe taga tana nuna maka komai garau.

Amma kuma kada ka ce to bari in yar da murfin. Yawancin Leica na fim labulen ƙyalle gare su, in ka bar kyamara a kwance tana kallon rana lens a buɗe, zai tara hasken a kan labulen kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi, ya huda shi. Wannan ba a lens mai faɗi kaɗai ba ne, sai dai shi da yake yana kwasar sama da yawa rana ta fi saurin shiga cikinsa.

Awon haske. Sama tana shiga da yawa, ma'auni ya ga fari ya ce haske ya yi yawa, ya sa ka rage, mutanenka su fito baƙi ƙirin. Ka sunkuyar da kyamara ka auna ƙasa ko tafin hannunka a inuwar da mutumin yake, ka saita, sannan ka ɗago. Tsofaffin nan masu dogon gindi irin Super-Angulon kuwa suna tare idon ma'aunin M6 gaba ɗaya, karatun da zai ba ka ƙarya ne, sai ka nemi ma'auni na hannu. Leica M5 da CL su kuma wani ɗan hannu ne ke ɗauke da ma'aunin yana tsayawa gaban labule, gindin lens zai iya dukansa ya karya, don haka kada ka cusa irin wannan lens ɗin a cikinsu sai ka tabbatar an gyara shi don su.

Kusurwa za ta yi duhu, wannan ka sa a ranka. Haske yana zuwa can a karkace ne kuma ya yi tafiya mai nisa. In ka rufe zuwa f/8 yana raguwa amma ba ya tafiya duka. Hologon na Zeiss, da 15mm f/8 na da can da 16mm f/8 na Contax G, har da filta ta musamman yake zuwa mai duhu a tsakiya tana washewa zuwa gefe don ta daidaita, ita kuma ta cinye maka haske. Ni a baƙi da fari ina son duhun nan, yana tattaro ido ciki. Abin da nake yi kawai in ƙara haske kamar rabin mataki ko mataki ɗaya, wato ninkin hasken, fim na nagetif irin HP5 ko Portra 400 yana ɗaukar ƙari ba ya damuwa, rashin haske ne ba ya yafewa. Silaid kam, fim ɗin da hoto ke fitowa kai tsaye ba nagetif ba, a yi hankali. Filtar folaraiza kuma, mai rage ƙyalli tana ƙara wa sama shuɗi, ku bar ta a jaka, sama za ta fito rabi shuɗi mai duhu rabi fari.

Nan fim ya fi dijital sa'a. Wannan lens ɗin in ka ɗaura shi a Leica M9 gefen hoto sai ya yi wani ja-ja shuni-shuni, don sensa ba ta son haske a karkace, har sai da Voigtländer suka sake ƙirar a fitowa ta uku lens ya ƙara girma. Fim ko ta ina haske ya zo karɓa yake. Don haka in fim kake ɗauka kada ka kashe kuɗi a sabon, tsohon ƙaramin nan ya ishe ka.

Na kusa mantawa, gudun labule. Da 15mm ina iya sauka har 1/15 na daƙiƙa a hannu, in na jingina da bango ma 1/8, babu madubin da zai buga ya girgiza kyamara, don haka f/4.5 ɗin da kuke ganin ya yi duhu a cikin ɗaki ko lungu yana wadatarwa da fim mai 400.

Wanda zai fara, ni 21 zan ce ya fara da shi, ya fi yafiya, in ya saba sai ya sauko 15. 12 kam na gwada na aro na mayar, ƙafata ta cika shiga. Aikin gida, naɗi ɗaya, f/8, mita ɗaya ko biyu gwargwadon lens ɗinka, kada ka taɓa zoben fokas har fim ya ƙare, kuma kowane hoto a samu abu ɗaya da hannunka zai iya taɓawa daga inda ka tsaya. In kun wanke ku turo mu duba tare a darasi na gaba. Sai anjima, a gaida gida.