Layin da gidajensa suka koma ciyawa a Detroit

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina gabashin Detroit ne a Amurka. Ku dubi layin nan: gida ɗaya a tsaye, fili uku na ciyawa, sai wani gidan da aka toshe tagoginsa da katako. Duk filin nan da kuke gani, da can gida ne.

A 1950 mutanen birnin nan sun haura miliyan 1.8. Ƙidayar 2020 ta samu kimanin 639,000. Amma birnin bai tsuke ba, yana nan murabba'in mil 139. To a nan gizo ke saƙar. Bututun ruwa, kwalta, fitilun titi, tsawonsu ɗaya ne ko gida biyar ya rage a layi ko hamsin. Masu biyan haraji suka ragu, nauyin ya dawo kan 'yan kaɗan, hidima ta lalace, su ma masu hali suka tattara suka koma bayan gari. A 2013 birnin ya bayyana cewa ya tsiyace, bashi wajen dala biliyan 18 a kansa.

Abin ya samo asali tun shekarun 1930, lokacin da aka ja wa unguwannin baƙaƙen fata jan layi a taswira, bankuna suka ƙi ba da bashin gida a cikinsu. Bayan dokar manyan hanyoyi ta 1956, aka ratsa babbar hanya ta titin Hastings, cibiyar kasuwancin baƙaƙen fata. Masana'antun motoci kuma suna son shimfiɗaɗɗen fili su yi gini mai hawa ɗaya, sai suka fice.

Ku matso ku ga yadda gida ke mutuwa. Sanyi ɗaya ba a kunna ɗumi ba, ruwa ya daskare a bututu ya fasa shi. Ɓarayin ƙarfe su kwashe wayar tagulla. Rufi ya fara yoyo, katakon ciki ya ruɓe. Haraji ya taru shekara uku, hukuma ta ƙwace gidan ta yi gwanjonsa, mai saye kuma sau da yawa ba shi da niyyar zama ciki. Daga nan sai katafila.

Filin gefen nan, maƙwabci na iya sayensa dala 100 a hukumar filayen birni. Wancan mai shingen, kun gani, lambu aka mai da shi. Mu ƙarasa wajen.